Gajeriyar wayar da ke haɗa layi biyu a tsohuwar amfilifayar bes

Wanda ya saba kallon hotunan makaɗan Ingila da Amurka na ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970, idan ya ɗauke ido daga makaɗin ya dubi akwatin da ke jibge a bayansa, zai iya hango wata 'yar waya da ba ta wuce taƙi guda ba. Ta fito daga wata kafa a goshin amfilifaya, ta lanƙwaso, ta koma cikin kafar da ke maƙwabtaka da ita. Ba ta zuwa lasifika, ba ta zuwa jita. Aikinta shi ne ta ɗebi sautin da ya shigo ta layi ɗaya ta miƙa wa layi na biyu, domin jita guda ta ci moriyar layukan biyu a lokaci ɗaya.

Har gobe masu tsofaffin amfilifayoyin bes na zamanin bawul suna tambayar juna a kan wannan waya. Tana ƙona wani abu? Tana ƙara ƙarfi? Me ya sa a akwatin wane ta sa sauti ya cika ya yi kauri, a nawa kuwa ta tsotse shi ya rame? Amsoshin duk suna cikin akwatin, kuma duk mai gyaran rediyon da ya iya bin layin waya da ɗan yatsa a kan takardar zane zai gane su.

Mai gyaran rediyo ne ma ya fara aikin tun asali. Leo Fender ya buɗe shagon gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a 1938, kuma shi kansa ba makaɗi ba ne. A 1951 kamfaninsa ya fitar da jitar bes mai aiki da lantarki, wadda aka sa wa suna Precision Bass, don ta maye gurbin ƙaton bes na katako da ake kaɗawa a tsaye, wanda ganguna da ƙahonni kan danne muryarsa. Sabuwar jitar ba ta da amfani sai da abin da zai ɗaga muryarta, shi ya sa a 1952 aka fito da amfilifaya mai suna Bassman: lasifika ɗaya mai inci 15, ƙarfi wat 26. A lokacin babu taransista a irin waɗannan kaya. Bawul ake amfani da shi, wato kwalaben gilashin nan da aka zuƙe iskar cikinsu, masu yin ja idan sun ɗau zafi, irin na cikin tsofaffin akwatunan rediyo da talabijin.

Lasifika ɗaya ba ta iya jure dukan bes ba. Tsirkiyar da ta fi kauri a jitar bes tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa, rabin na jita ta yau da kullum, kuma irin wannan sauti na ƙasa yana buƙatar tura iska mai yawa. Daga ƙarshen 1954 sai Fender ya koma lasifika huɗu masu inci 10 a akwati ɗaya. Aka yi ta gyare-gyare har aka kai ga samfurin da ake kira 5F6-A, wanda aka ƙera daga 1958 zuwa 1960, mai rufin yadi ruwan ƙasa-ƙasa, ƙarfinsa wajen wat 40 zuwa 45. Shi ne uban gidan duk wannan magana. A samansa akwai kafa huɗu na soka waya: biyu na layin da aka rubuta wa Bright, mai kaifin murya, biyu na layin Normal. Kowane layi da nasa bolum, amma maɓallan gyaran murya na tarayya ne.

Me ya sa kafa huɗu ga makaɗi mai hannu biyu da jita ɗaya? Domin ba don mutum ɗaya aka yi su ba. A wancan zamani amfilifaya kaya ce mai tsada, ƙaramar ƙungiyar makaɗa takan yi tarayya a guda ɗaya: mai jita ya soka a nan, mai waƙa ya soka makirufonsa a can. Wasu ƙananan amfilifayoyin Fender na lokacin ma a fili aka rubuta cewa wannan layi na makirufo ne, wancan na kayan kiɗa. Kamfanin ya yi ƙofofi ne don baƙi da yawa. Makaɗan da suka zo daga baya, da kowa ya mallaki tasa, suka ga layi guda na zaune babu aiki, suka nemo hanyar sa shi aiki.

Abin da ke bayan kafa biyu

A nan ne daɗin maganar yake, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Kafa biyun da ke kowane layi ba iri ɗaya ba ne, ko da yake ido ba ya bambance su. A bayansu akwai razista uku kacal: biyu masu om 68,000, ɗaya mai om miliyan ɗaya. Kowace kafa kuma tana da ɗan harshen ƙarfe da ke rufe idan babu komai a cikinta, ya buɗe idan an soka waya.

In ka soka jita a kafa ta 1 kaɗai, harshen kafa ta 2 yana rufe, sai razistocin nan biyu masu 68,000 su jeru kafaɗa da kafaɗa su zama tamkar guda mai 34,000. Kusan dukan sautin yana isa bawul na farko, jitar kuma tana ganin nauyin om miliyan ɗaya, wanda ba ya danne ta. In kuwa kafa ta 2 ka zaɓa, harshen kafa ta 1 ne ke rufe zuwa ƙasa, sai razistocin biyu su raba sautin gida biyu: rabi ya wuce, rabi ya zube. An yi wannan ne don kayan kiɗa masu ƙarfin fitarwa, kada su cika wa bawul ciki. Da razista uku da harsunan ƙarfe biyu aka samu ƙofa mai faɗi da ƙofa mai ƙunci, ba tare da wani maɓalli ba. A ganina wannan na cikin mafi kyawun dabarun da aka taɓa yi a kayan sauti, saboda arharsa da kuma yadda ya shekara fiye da sittin ana kwaikwayonsa ba a ga abin gyarawa ba.

To, idan an cika kafofin biyu fa? Harsunan duka sun buɗe, kuma yanzu akwai hanya daga kafa ta 1, ta bi razista ɗaya, ta taɓa ƙofar bawul, ta bi razista na biyu, ta ɓulla kafa ta 2. Waya ba ta san gaba da baya ba. Kafar da aka yi don shiga ta zama ta fita. Shi ke nan sirrin: jita a kafa ta 1 ta layin farko, gajeriyar waya daga kafa ta 2 ta wannan layin zuwa kafa ta 1 ta ɗaya layin. Sautin da ya isa layi na biyu ya ratsa om 136,000 kafin ya kai, don haka ya ɗan ragu kaɗan, amma bolum na biyu yana cike giɓin.

Babu abin da zai ƙone a nan. Wutar da jita ke fitarwa ba ta kai bolt ɗaya ba a mafi yawan lokaci, daga naɗin siririyar waya kewaye da maganaɗisu take fitowa. Abin da kawai ke canzawa shi ne nauyin da ke kan jitar, wanda ya sauko daga om miliyan ɗaya zuwa kusan rabin haka, tunda yanzu ƙofa biyu take ciyarwa. Jitar bes ta gargajiya, marar batir, takan ɗan rasa kaifi saboda haka. Mai batir a ciki ba ta ma jin bambancin, sai dai ita matsalarta yawan ƙarfi ne, kuma sau da yawa ta fi zama lafiya a kafa ta 2 ba tare da wani haɗi ba.

Ƙarfin amfilifaya kuma ba ya ƙaruwa, wannan ya kamata a faɗe shi ƙarara don mutane da yawa na zaton haka. Mai wat 50 tana nan a wat 50, domin manyan bawul na ƙarshe da taransifoma ne ke yanke wannan hukunci. Abin da haɗin ke yi shi ne ya tura wa matakan gaba sauti mai yawa tun bolum bai yi nisa ba, ya kuma ba ka murya biyu ka gauraya yadda kake so. A 5F6-A, bambancin layin Bright da Normal ɗan ƙaramin kafasita ne guda da aka ɗora a kan bolum, mai barin sauti mai kaifi ya tsallake. Ka buɗe Normal don kauri, ka ɗigo Bright a kai har sai yatsunka sun fito fili a cikin kiɗan. Bolum biyu sun zama sabon ma'aunin murya wanda kamfani bai sa a lissafi ba.

Inda haɗin ke cin amana

Kowane matakin bawul da ke ƙara ƙarfin sauti yana kifar da shi. Abin da ya shiga yana hawa, zai fito yana sauka. Kunne ba ya jin wannan in layi ɗaya ne ke aiki. Amma idan sauti guda ya rabu biyu ya bi hanyoyi daban-daban sannan ya sake haɗuwa, dole a ƙirga sau nawa kowanne ya kife. In duka sun bi mataki ɗaya-ɗaya, ko biyu-biyu, za su iso suna tafiya tare, su taru su yi ƙarfi. In ɗaya ya bi biyu ɗaya ya bi uku, za su iso a saɓe. Kamar mota ce ta kafe a yashi, mutum biyu suka zo taimako: in duka suna baya suna turawa, ta fita, in ɗaya na gaba ɗaya na baya kowa na tura nasa, gumi kawai za a yi.

A 5F6-A babu wannan damuwa. Bawul na farko, 12AY7, tagwaye ne a kwalba ɗaya. Kowane layi ya ɗauki rabi, ya wuce bolum ɗinsa, su haɗu ta razista biyu masu om 270,000. Mataki ɗaya-ɗaya, tafiya tare.

Rikicin ya zo ne da shekarun 1960, lokacin da Fender ya raba kan amfilifaya da akwatin lasifika, ya kuma ba kowane layi nasa maɓallan murya: layin Bass Instrument mai makunnin Deep, da layin Normal mai makunnin Bright. A samfurin AA864 na 1964, mai baƙin goshi, wat 50 daga bawul 6L6GC guda biyu, layin bes yana bin mataki uku, Normal yana bin biyu. Ka haɗa su, su yi ta cin juna. A watan Janairun 1965 kamfanin CBS ya sayi Fender a kan dala miliyan 13, kuma a cikin wannan shekarar aka fito da samfurin AB165, inda aka sake tsari: kowane layi ya bi mataki biyu, sannan su haɗu su shiga na uku tare. Wannan yana karɓar haɗi da kyau. Daga waje kuwa akwatunan biyu kusan ba a bambance su. Suna ɗaya, launi ɗaya, maɓallai iri ɗaya. Shi ya sa mutum biyu za su yi ta musu, kowa na rantsuwa da abin da kunnensa ya ji, kuma duka gaskiya suke faɗa.

Ko takardar da ake mannawa a cikin akwatin, mai nuna jerin bawul da lambar samfuri, ba kullum take faɗin gaskiya ba, domin kamfanin yakan ƙarar da tsofaffin takardu a kan sababbin kaya. Haka nan amfilifayoyin jita na Fender masu amsa-kuwwa na wannan zamani, irin su Twin Reverb da Deluxe Reverb, layinsu na biyu yana da ƙarin mataki guda, don haka a saɓe yake da na farko.

Kunne ya isa alƙali, ba sai an kwance ko da ƙusa ɗaya ba. A yi haɗin, a buɗe bolum na farko zuwa 3 ko 4, na biyu yana rufe. A riƙa kaɗa tsirkiya mai kauri ana murɗa na biyun sannu a hankali. In sautin na ƙara cika, layukan tare suke. In ya fara ramewa, ƙasansa ya zube daidai lokacin da bolum biyun suka yi kusan kai ɗaya, sannan ya dawo bayan an wuce wurin, a saɓe suke. Masu jita wasunsu na son wannan ramammiyar murya mai fita ta hanci, suna neman ta da gangan. Ga mai bes kuwa asara ce tsantsa, domin abin da ake kiransa ya kawo shi ne ya fara ɓacewa. Maganinta akwai: ƙaramin akwatin raba sauti mai taransifoma a ciki da makunnin kifarwa, wanda ke juya ɗaya hanyar kafin ta shiga. Ya fi gajeriyar waya tsada nesa ba kusa ba, amma ba ya taɓa cikin amfilifayar.

Daga Fullerton zuwa Hanwell

Wani abin lura shi ne masu bes ba su ne suka fi cin moriyar Bassman mai lasifika huɗu ba. Bayan akwatin a buɗe yake, kuma buɗaɗɗen akwati yana zubar da sautin ƙasa. Masu jita ne suka rungume ta, irin su Buddy Guy na Chicago. A Landan, inda kayan Amurka ke da tsada da wuyar samu, wani mai koyar da kiɗan ganga da ke da shago a unguwar Hanwell, Jim Marshall, tare da Ken Bran da Dudley Craven, suka kwaikwayi tsarin 5F6-A kusan waya da waya, suka fitar da JTM45 a 1962. Sun gaji kafa huɗun nan yadda suke. Sai dai sun sa 12AX7 a matakin farko, wanda ke ninka sauti har kusan sau 100 inda 12AY7 ke tsayawa wajen 40, suka kuma rufe bayan akwatin lasifika.

A kan kayan Marshall ne gajeriyar wayar ta zama al'ada. A samfurin Super Lead mai wat 100 an nesanta layukan biyu ƙwarai: ɗaya kaifi har yana yankan kunne, ɗaya kauri har yana dushewa. Kowanne shi kaɗai da wuyar sha'ani, a haɗe kuwa sai su daidaita juna. Ɗan'uwansa na bes, Super Bass mai lamba 1992, wanda Lemmy Kilmister na ƙungiyar Motörhead ya shahara da shi, layukansa sun fi kusa da juna, don haka abin da haɗin ke bayarwa a can ya fi karkata ga cika da gurnani fiye da gauraya murya. Hiwatt na Dave Reeves a Ingila da Traynor YBA-1 na Toronto a Kanada su ma kafa huɗu ne.

Ra'ayina shi ne mai bes ya yi wa wannan dabara kallon gishiri. Mai jita yana neman sautinsa ya fashe, shi kuwa mai bes yawanci fili yake nema, wurin da ƙasan kiɗa zai numfasa kafin bawul ya ƙoshi. Wat 50 ba shi da yawa ga bes a gaban mai ganga mai ƙarfin hannu, kuma haɗa layi yana kai ka bakin iyaka da wuri. A ɗakin ɗaukar sauti, ko a ƙaramin zaure, AB165 da aka haɗa layukanta, Deep a kunne a ɗaya gefen, Normal an ɗan buɗe shi don fitar da bugun yatsa, tana ba da murya mai ɗumi wadda da wuya a samu a wani wuri. A babban fili kuwa gurnani za a samu, ƙasan ya tafi. Waɗanda suka nemi ƙarfi na gaske wata hanya suka bi: Ampeg ya fitar da SVT mai wat 300 a 1969, shekarar da 'yan ƙungiyar Rolling Stones suka zagaya Amurka da ita.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yawan tsofaffin Bassman da aka lalata da sunan gyara. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da ba su da daraja a kasuwa, an huda goshin da yawa an ƙara maɓallai, an yanke wayoyin asali an haɗa layukan daga ciki har abada. Abin da aka nema da na'urar huda ƙarfe, waya mai taƙi guda tana bayar da mafi yawansa, kuma in an gaji da ita zare ta kawai za a yi, akwatin ya koma yadda ya baro masana'anta.

Haɗarin gaske yana wani wuri dabam, kuma ya shafi duk wanda irin wannan kaya ya faɗo hannunsa a Kano ko Maraɗi ta hanyar gwanjo. Kafar lasifika da ke baya da kafar jita da ke gaba girmansu ɗaya, waya ɗaya na shiga duka biyun. Kada a kuskura a haɗa ta baya da ta gaba. Kada kuma a kunna amfilifayar bawul a kaɗa ba tare da lasifika a jone ba, domin taransifomar fitarwa na iya ƙonewa, kuma ita ce mafi tsada da wuyar samu a cikin akwatin. Nauyin lasifikar ma a kiyaye: 5F6-A om 2 take so, masu baƙin goshi om 4. Waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka wutar bolt 110 zuwa 120 suka sani, tamu kuwa 220 zuwa 240 ce, don haka sai da taransifomar rage wuta mai isasshen girma, kuma ga mai aiki da janareta, da na'urar daidaita wuta a tsakani. Haɗa amfilifaya biyu daban-daban da wannan dabara yana yiwuwa, amma yakan jawo gunjin wuta, kuma tsofaffin da ke da filogi mai baki biyu, marasa wayar ƙasa, suna iya sa ƙarfen jita ya ja mutum.

A cikin akwatin akwai wutar da ta haura bolt 400, kuma manyan kafasitoci kan riƙe ta ko bayan an zare filogi. Wannan aikin mai gyara ne wanda ya san yadda ake sauke ta kafin ya sa hannu. Idan aka kai masa, abin da ya kamata a roƙe shi bai wuce uku ba: ya canza kafasitocin tace wuta da suka tsufa, ya sa filogi mai baki uku ya cire tsohon kafasitan da ke tsakanin wutar gida da jikin ƙarfen, sannan ya goge harsunan kafofin nan huɗu, domin tsatsa a kansu ita ce kan sa ƙara da yankewar sauti da ake ɗora wa haɗin layi laifinsu. In ya buɗe, ya ƙirga matakan kowane layi ya faɗa wa mai kayan ko tare suke ko a saɓe. Razistocin da ke bayan kafofin kuwa, in awo ya nuna suna nan daidai, ya bar su inda suke.